Jirgin Lilo a Karkarar Kano da Jigawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu sha'awar ƙaramin jirgin nan mai taya uku da fiffiken yadi, musamman masu tunanin tashi da shi daga fili a ƙauye. Alƙaluman da ke nan na gama-gari ne. Inda suka saɓa da littafin jirginka, littafin za ka bi.

1. Wane irin jirgi ne wannan?

Abu biyu ne aka haɗa: fiffike a sama, keke a ƙasa. Fiffiken mai kusurwa uku ne, an yi ƙasusuwansa da bututun alminiyam aka ɗaure yadin Dacron a kai. Faɗinsa mita 9 zuwa 10, nauyinsa wajen kilo 50. Keken na da kujera biyu, matuƙi a gaba, fasinja a baya, sai inji da farfela a bayansu suna tura jirgin. Babban noti guda ɗaya ne ya rataye keken a ƙashin bayan fiffiken, shi ya sa yake lilo gaba da baya, hagu da dama. Ba shi da wutsiya. A takardun masu sayarwa za ka ga ana kiransa tiraik.

Asalin fiffiken daga Francis Rogallo ne, injiniya a Amurka, shi da matarsa Gertrude, waɗanda suka nemi rajistar ƙirar a 1948. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara rataya masa keke mai inji a Turai. Kada a haɗa shi da jirgin lema, wanda fiffikensa zallan yadi ne da igiyoyi. Tuƙinsu ba ɗaya ba ne.

2. Tunda ba sitiyari, yaya ake juya shi?

A gaban matuƙi akwai sanda a gicciye, wadda ke manne da fiffike, ba da keke ba. Da ita yake matsar da nauyin keken a ƙarƙashin fiffiken. In ka jawo sandar ƙirjinka, nauyi ya koma gaba, hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru. In ka tura ta gaba, hanci ya ɗaga, gudu ya ragu. In kana son kwana ta dama, hagu za ka tura sandar: keken ya karkata dama, yadin ɓangaren dama ya ɗan saki, jirgin ya kwanta. Da ya kwanta gwargwadon yadda kake so sai ka mayar da sandar tsakiya ka ɗan tura ta gaba. In ka ci gaba da riƙe ta a gefe, kwanciyar ƙaruwa take yi har hanci ya nufi ƙasa yana murɗawa.

Hawa da sauka kuwa aikin totur ne, ba na sanda ba. Jirgin da aka saita daidai, in iska a kwance take, ko ka saki sandar zai miƙe da gudun da aka ɗora shi a kai. Sabon ɗalibi yakan damƙe ta har kafaɗunsa su yi tsami, alhali yatsu sun isa.

3. A ƙasa fa?

Da ƙafa ake juya tayar gaba, kamar yadda ake juya kan keken hawa: ka tura ƙafar hagu, ya tafi dama. Totur na ƙafar dama, birki na hagu. Hannu kuma yana kan sanda, yana ɗan sunkuyar da fiffiken ta ɓangaren da iska ke fitowa, don kada ta shiga ƙarƙashinsa ta kifar da jirgin yana tsaye.

4. Nawa yake gudu, kuma nawa yake shan mai?

Yawancinsu suna tafiya tsakanin kilomita 80 da 130 a awa. Ƙasa da kilomita 55 zuwa 65 fiffiken ya daina ɗaukar nauyi. Injinan kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya ne suka mamaye harkar: 503 mai ƙarfin doki 50 da 582 mai doki 65, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, sai 912 mai doki 80 ko 100 wanda baƙin mansa daban yake. Mai 582 ya lissafa lita 15 zuwa 18 a awa, mai 912 kuwa 10 zuwa 14. Da tankin lita 50 zuwa 65 ana samun awa uku zuwa huɗu, a sauka da ragowar na minti 30 aƙalla. Ba ƙaramin jirgi ba ne wajen juriya: a 1998 Brian Milton, ɗan Ingila, ya zagaye duniya da irinsa.

5. Tunda a gonata zan tashi, sai na nemi izini?

Gonar taka ce, samaniya ba taka ba ce. Hukumar NCAA ce ke yi wa jirage rajista a Najeriya, ita ke ba da lambar da ke farawa da 5N, ita ke ba da lasisin matuƙi. Hukumar NAMA ce ke kula da sararin sama. Shigo da jirgi daga waje ma sai da izini, ban da na Kwastam. Ka rubuta wa NCAA takarda kafin ka biya ko sisi, ka faɗi samfurin jirgin da nauyinsa da inda za ka ajiye shi, ka riƙe amsarsu a rubuce. Wasu na kafa hujja da dokar Amurka da ta yarje wa mai jirgin kujera ɗaya da bai kai kilo 115 ba ya tashi ba lasisi. Wannan dokarsu ce, a can ta tsaya.

Sararin da ke kewaye da filin jirgin Malam Aminu Kano ba a shigarsa sai da izinin hasumiya ta rediyo, ga kuma jiragen horon sojan sama a wurin. Haka za ka kiyaye na Dutse. Sannan a yi la'akari da halin da ake ciki: a 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a Zamfara saboda tsaro, kuma har yau baƙon jirgi da ke yawo ƙasa-ƙasa a kan daji abin zargi ne. Ka je gaban mai unguwa da dagaci da hakimi, ka sanar da DPO, ka nuna musu jirgin da takardunsa tun kafin su ji ƙararsa.

6. Zan iya koya wa kaina?

A'a. A Ingila mafi ƙarancin horon cikakken lasisi awa 25 ne, a Amurka 20, kuma akasarin ɗalibai sai sun wuce haka kafin hannunsu ya faɗa. Sauka ita ce ke cin lokaci, don sai ido ya koyi tsayin da ake tura sanda a hankali har tayoyin baya su taɓa ƙasa. Bidiyo ba ya koyar da wannan. Makarantun jirgin lilo sun fi yawa a Afirka ta Kudu da Faransa da Ingila.

Kwalejin tuƙin jirage ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, jirage masu wutsiya take koyarwa. Wanda ya fito daga can yana da ilimin iska da doka da rediyo, amma hannunsa ya saba da kishiyar abin da ke tambaya ta 2: a wancan jirgin in ka ja hanci ya ɗaga, a wannan in ka ja ya sunkuya. Ranar da abu ya rikice dab da ƙasa, tsohon sabo ne ke rigan tunani. Shi ma sai ya zauna gaban malami.

7. Wane irin fili ake bukata?

Tsawon mita 400 aƙalla, faɗin mita 20, ba itace ko wayar wuta a bakin kowane ƙarshe. In za a ɗauki fasinja a bazara, a duba lissafin tambaya ta 9 a ƙara. A shimfiɗa shi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, don iskar rani daga can take fitowa, ta damina kuma daga ɗaya ɓangaren. Titin filin jirgin Kano ma haka ya fuskanta.

Fako mai tauri ya fi komai. Rairayi yana riƙe taya, yana ƙara tsawon gudu da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, in tayar gaba ta nutse kuma jirgin ya ci da baki. Gonar da aka girbe sai an baje kunya an tone tushiyar kara, don tushiya ɗaya ta isa ta farke taya ko ta fasa farfela. Fadamar da ta bushe daga nesa lumui take, in ka taka sai ka tarar da sawun kofato da suka daskare. A share tsidau da ƙayar bagaruwa, a rushe suri, a sake zagaya filin da ƙafa kowace safiya. Kada fili ya ratsa burtali.

Babbar matsalar dai jama'a ce. Da an ta da inji yara za su cika wurin, kuma farfela in tana juyawa ba a ganinta. A nemi manya biyu da yara ke jin maganarsu, a ja igiya mita 30 daga jirgin, a kashe inji duk lokacin da wani ya tsallako.

8. Wane lokaci ya fi dacewa a tashi?

Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma awa ɗaya kafin faɗuwarta, a sauka da sauran haske. Da rana ta ɗaga, ƙasa na zafi, iska mai zafi na tashi sama gungu-gungu tana jijjiga fiffike, tana fizgar sanda daga hannu. Ɗalibi kada ya tashi in iska ta wuce kilomita 15 a awa, musamman in ta gicciye take zuwa.

Kaka, watan Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ita ce lokacin jirgin nan a ƙasarmu: ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. Hunturu yana da yaudara biyu. Ta farko hazo. Daga ƙasa za ka ga kamar da sauƙi, in ka hau mita 300 sai layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace, kuma da wannan layin matuƙi ke sanin ko jirginsa a miƙe yake. In ba ka hango abin da ke nisan kilomita 5 ba, bar shi a rumfa. Ta biyu, da asuba ƙasa shiru, amma a sama kaɗan iska mai ƙarfi ce ke gudu tun dare, wajen ƙarfe tara zuwa goma sai ta sauko. Wanda ya tashi cikin lumana yakan dawo ya tarar da filinsa na tashin ƙura. Sanyi ma na ƙaruwa da digiri 2 a kowace mita 300, a sa rigar sanyi da safar hannu.

A bazara, Maris zuwa Mayu, guguwa ce abin tsoro. Wadda ta ɗauki ƙura da leda ana ganinta a kauce, wadda ta bi ta kan fako ba ta da alama, kuma tana iya kifar da jirgin da ke ajiye. Da damina hadari daga gabas yake tasowa, iskar da ke gabansa tana riga ruwan isowa da nisa, kuma ta fi ƙarfin jirgin nan nesa ba kusa ba. In gabas ta haɗe, a sauka a kwance fiffiken a ƙasa, hancinsa na fuskantar iska, a ɗaure. A duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, kullum, amma ido na kan gabas. Masu shawagi wajen fadamar Haɗeja da Baturiya su ƙara da lura da tsuntsaye, shirwa da shamuwa da garken jan-baki.

9. Me ya sa yake nauyin tashi in ana zafi?

Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike da farfela da inji duk ƙarfinsu na raguwa tare. Kano na kan tsayin kusan mita 480 daga teku. Ranar da zafi ya kai digiri 40, jirgin ji yake kamar yana kan mita 1,500. Injin doki 65 ya koma kamar 55. In littafi ya ce mita 250 sun isa a tashi a tsallake itace mai tsayin mita 15, a wannan rana sai kusan 400, in kan rairayi ne 500. Yawancin masu kujera biyu iyakar nauyinsu kilo 450 ne, har da jirgin da mai da mutane. Lita ɗaya ta fetur wajen gram 720 ce. A hau sikeli, kada a yi kirdado. Ka kafa alama a tsakiyar fili: in ka iso ta taya ba ta bar ƙasa ba, saki totur ka taka birki.

10. Fetur ɗin gidan mai ya isa?

Ga 503 da 582 da 912 mai doki 80, fetur mai lambar oktan (ma'aunin ingancin fetur) 90 ya wadatar. Mai doki 100 sai 95, wanda ba shi aka saba samu a gidajen manmu ba, don haka a nan mai doki 80 ya fi hankali. Na 'yan bumburutu kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka zuba. Ɗan kananzir a ciki ya isa ya huda fistin. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022 ya san gidan mai ma ba a rufe ido. A saya a wuri ɗaya amintacce, a tace da mazurarin da ke raba ruwa, a tsiyayi kaɗan daga gindin tanki cikin kwalba kowace safiya a duba. Don gwada sinadarin giya (ethanol) a cikin mai, zuba ruwa mililita 10 da fetur 90 a kwalba mai ma'auni, girgiza, bar shi ya kwanta. In ruwan ya ƙaru, akwai ta. Rotax ya yarda da kashi 10 cikin ɗari, ba fiye ba.

Haɗin 503 da 582 kashi 50 ne da 1: lita 20 ta fetur, mililita 400 na man da aka yi don irin injin, ba baƙin man babur ba. A girgiza a jarka, ba a tanki ba, kuma kada haɗin ya wuce mako biyu. Wanda injinsa ke da famfon baƙin mai na kansa ba ya haɗawa, tankin baƙin man yake cikawa.

11. Wane gyara ne na yau da kullum?

Ƙura ce ke cin inji a nan. A wanke filtar iska a shafa mata manta sau da yawa fiye da yadda littafi ya ce. A 582 fulogi awa 25 yake yi, ruwan lagireto kada ya wuce digiri 80, zafin salansa kada ya wuce 650, kuma a awa 300 ake sauke injin gaba ɗaya. Robar da ke tsakanin kafireta da inji in ta tsage tana shan iska, mai ya yi ƙaranci, fistin ya kama. A lanƙwasa ta da yatsa a duba. Shi 912 yana kai awa 2,000, juyen mai a awa 100, robobi da tiyo duk shekara 5. Kafin a auna baƙin mansa, a tabbatar makunni a kashe yake, a buɗe murfin tankin baƙin man, a juya farfela da hannu ta inda take juyawa har a ji ƙarar kurɓa. In ba haka ba ma'aunin ƙarya zai nuna.

12. In inji ya mutu a sama fa?

Jirgin ba ya faɗowa, gangarowa yake. A kowace mita ɗaya ta sauka yana cin kusan 8 a gaba, wato daga mita 300 za a kai sama da kilomita 2 in ba iska. Ka yi lissafi da rabin haka. Abu na farko a ja sanda a riƙe gudu, sannan a zaɓi wuri, sannan in da lokaci a gwada tayarwa. In a wajen tashi ne kuma ba ka kai mita 100 ba, miƙe gabanka, kada ka ce za ka juyo fili. A gona a bi tsawon kunya, kada a gicciye ta. Shinkafa mai ruwa, irin ta Kadawa da Kura, tana kama taya ta wuntsila keke. Waya ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema.

13. Mene ne kifewar da ake ta gargaɗi a kai?

Ita ce hatsarin da ba a gyara shi. Matuƙi ya ja gudu, ya cilla hanci sama sosai, gudu ya ƙare ko inji ya ɗauke. Hanci ya faɗo da ƙarfi, fiffiken ya zarce ya wuntsila, keken ya bi shi, cikin daƙiƙa kaɗan bututu su karye. Shi ya sa littattafai suka kayyade kwanciya a digiri 60, ɗaga hanci a 45, wasu ma 30. Burge 'yan kallo a ranar kasuwa ko biki shi ne ke kai mutane nan. Siraran wayoyin da ke riƙe bayan yadi da sandunan bakin fiffike su ke dawo da hanci in ya sunkuya, kada kowa ya taɓa saitinsu. Akwai lemar ceto mai roka, irin ta kamfanin BRS, da ke sauko da jirgin dungurungum.

14. Yaya ake ajiye shi?

Rana ce ke kashe yadi, kuma ba ya nuna alama: launi na nan, ƙarfi ya tafi, zaren ɗinki ma ya riga shi. Awa ɗaya a rana a ajiye daidai take da awa ɗaya a sama. A gwada shi duk shekara da ma'aunin allura da ake kira Bettsometer. Naɗe fiffike cikin jakarsa minti 30 ne, tsawonta wajen mita 6, a ɗora ta kan marataya nesa da gara da ɓera. Zanzaro kuma yana son ƙananan ramuka. Yini ɗaya ya ishe shi ya toshe bututun ma'aunin gudu ko hancin numfashin tanki da laka, na biyun kuwa sai an yi minti goma a sama mai zai daina sauka. A rufe su da marufi mai jan ƙyalle, a cire kafin tashi.

15. Mai walda ba zai iya ƙera mini ba? Ko in sayi na hannu?

Masu waldarmu na da basira, amma kayan ne babu. Bututun fiffike alminiyam ne na musamman, lamba 6061 ko 7075, ba na taga ba, kuma ba a walda shi, ba a miƙe wanda ya lanƙwashe. Notin jirgi daban yake da na kasuwar Ƙofar Ruwa ko da girmansu ɗaya. Yankan yadin ma lissafi ne, kuskuren santimita kaɗan ke sa jirgi ya ƙi ɗago hanci.

Sabo mai 912 daga Air Création na Faransa ko Airborne na Ostireliya dubban daloli ne masu yawa. Na hannu a Ingila ko Afirka ta Kudu, irin Pegasus ko Aquilla, ya fi sauƙi, sai dai araha ba ta ado. A nemi littafin tarihin jirgi da na inji, a sa mai dubawa na can ya gwada yadi, ya zare bututun gaba ya duba tsatsa. Rotax ya daina ƙera 503 da 582, a tambayi samuwar kayansu. Fiffike da keke kuma su zama waɗanda kamfani ya amince a haɗa.

16. Me zan gaya wa fasinja?

Duk abin da ya kuɓuce, farfela zai faɗa. Hula, rawani, gyale, carbi, silifas, waya da kuɗin aljihu duk a bar su a ƙasa. Babbar riga ba ta hawa, sai riga da wando masu kama jiki da takalmi mai igiya. Hular kwano a ɗaure ta a haɓa, matuƙi ya ja bel ɗin da hannunsa ya tabbatar. A nuna masa inda zai ɗora ƙafa da inda zai riƙe, a gaya masa kada ya taɓa sanda ko wayoyi, kuma ya tunkari jirgi ta gaba bayan an kashe inji. Sabon matuƙi ya tara awanni shi kaɗai tukuna, kuma lasisin shaƙatawa bai ba shi damar karɓar kuɗin mota ko yin feshin gona da haya ba. Wannan izininsa daban ne, a koma tambaya ta 5.